Akwatin magani da uwar kuɗi: abin da ke tsayar da mai hidimar dabbobi da ƙafafunsa

Akwai wani akwatin ƙarfe da nake yawan cin karo da shi a ƙauyukan Tasawa da Mayahi. Akwatin mataimakin likitan dabbobi ne, wanda aka danƙa masa ranar da ya gama horo, da sirinji a ciki, da allurai, da ma'aunin zafin jiki, da ƴan kwalaben magani na fara sana'a. A wani gida za ka tarar da shi cike, har an sayo na biyu. A wani gidan kuwa uwargida ta daɗe da mayar da shi ma'ajiyar kwanoni. Masu akwatunan nan biyu horo ɗaya suka samu, a ɗaki ɗaya, kuma kaya iri ɗaya aka ba su.

Na daɗe ina neman abin da ya raba su. Ba ilimi ba ne, don na san wanda ya fi kowa gane cuta a cikin tsararsa amma akwatinsa ya bushe kafin shekara ta zagayo. Abin da na gano shi ne yadda kowannensu ya ɗauki kansa. Ɗaya ya ɗauka an ɗauke shi aiki ne, yana jiran motar puroje da kuɗin zaman taro. Ɗayan ya fahimci cewa jari aka ba shi, kuma daga ranar nan shi ɗan kasuwa ne.

Yadda aka zo nan

Iyayenmu sun saba da cewa lafiyar bisashe aikin gwamnati ne. Malamin dabbobi ya zo, ya yi lamba, ya tafi. Da gwamnati ta fara janye hannunta daga sayar da magani a shekarun 1990, likitoci masu zaman kansu suka fi zama a manyan birane, makiyayi na daji ya koma ga masu baza magani a kan tabarma ranar kasuwa.

A 2003 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam, wato VSF, tare da ƙungiyar Karkara ta nan Nijar, suka fara gwada wani tsari a Dakoro da Abalak, wanda ake kira SVPP. Likita mai zaman kansa ya buɗe asibitin dabbobi da kantin magani a babban gari. A ƙarƙashinsa akwai irinmu malaman dabbobi, sannan mataimaka da jama'a suka zaɓa a ƙauyuka da rugage, suna sarin magani a wurinsa, yana sa musu ido. Lokacin lamba ta ƙasa, gwamnati na ba likitan izinin yi wa dabbobin yankinsa rigakafi a madadinta. Daga baya Ma'aikatar Kiwo ta karɓi tsarin, ya bazu zuwa sauran sassan ƙasa.

Ƙashin bayan tsarin shi ne mai dabba ya biya kuɗin magani, kuɗin ya koma ya sayo wani maganin. In wannan zagaye ya tsinke a hannun mutum ɗaya, ƙauyuka biyar ko goma ne za su rasa mai duba musu dabba. Shi ya sa maganar riba da asara a wannan sana'a ta shafi lafiyar garke kai tsaye.

Shekarar da na ci uwa

Ni ma na taɓa faɗawa. Da na gama makarantar kiwo na samu takardata, na yi aiki a ƙarƙashin wani likita, daga baya na buɗe ɗan shagona. Wata shidan farko ciniki ya yi kyau. Kullum da yamma aljihuna da nauyi, ni kuwa na ɗauka duk abin da ke ciki nawa ne. Aka yi suna a gidanmu na ciro. Babur ya lalace na ciro. Kawuna ya aiko a yi wa shanunsa tara allura, na je na yi, ya sa mini albarka na dawo.

Ranar da na tashi saro kaya a Maraɗi na ƙirga abin da ke hannuna, bai kai rabin abin da na fara da shi ba. Babu wanda ya sace mini ko dala. A makon nan wata tsohuwa ta kawo akuyarta da ta haihu mahaifa ta ƙi fita, jikinta ya yi zafi. Na san abin da ya kamata in ba ta, amma kwalbar babu komai. Kafin in samo a wurin wani abokin aiki an kwana biyu, akuyar ta mutu ta bar ƴaƴa biyu. Tsohuwar ba ta ce mini komai ba sai "Allah ya sa haka ya fi alheri, ɗana." Har yau wannan maganar tana damuna fiye da in da zagina ta yi.

Wadda ta gyara mini lissafi matata ce. Tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yanzu ake koyi da shi a ƙasashe da dama. Ta ce, "Malam, mu akwatinmu kwaɗo uku ne, makullan suna hannun mata uku. Ko shugaba ba ta isa ta buɗe ita kaɗai ba. Kai naka akwatin aljihun wandonka ne." Tun daga ranar na raba kuɗi gida biyu. Uwar kuɗi na da gwangwaninta, ba ta fita sai zuwa sari. Ni kuma na yanka wa kaina albashi daga riba, kamar yaron shago, in ya ƙare ya ƙare.

Lissafin kwalba ɗaya

Idan ina horar da sababbin mataimaka, da wannan misali nake farawa. A ce ka sayi kwalba jika 4, in ka sayar da ita duka allura bayan allura za ta ba ka jika 5. Ribarka jika 1 ce, wato dala 200. A cikinta za ka zuba wa babur mai, ka sayi sababbin allurai, ka cike gurbin maganin da ya lalace. To a ce kwatan kwalbar ka ba da shi bashi, bashin bai dawo ba. Dala 250 ke nan ta tafi. Riba ta ƙare, uwa ma ta ragu da dala 50, alhali kai kana ganin ka yi ciniki. Yi haka sau ashirin ka ga abin da zai rage a akwati.

Ba cewa nake kada a ba da bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma dukiyar makiyayi a kan ƙafa take, ba a aljihu ba. Mutumin da ke da shanu hamsin yana iya rasa jika biyu ranar Laraba, ya same su ranar kasuwa in ya sayar da bunsuru. Abin da na koya shi ne bashi ya kasance da suna, da rana, da iyaka. Ina rubuta shi a kaye a gaban mai shi, mu sa ranar kasuwar da zai biya. Wanda bai biya na farko ba, ba ya samun na biyu. In kuma taimako nake son yi, ga dangi ko ga marayu, sai in biya daga albashina in zuba kuɗin a gwangwani. Hakan ya fi mini sauƙi, don na san sadaka na yi, ba na zaman jiran abin da ba zai zo ba.

Kawuna ya yi fushi da farko. Ya ce, "Yanzu ni za ka rubuta a takarda?" Na ce, "Kawu, in ban rubuta ba, ranar da saniyarka za ta kwanta da dare za ka aiko, ka tarar babu magani." Bai amsa ba, amma ranar kasuwa ya aiko da kuɗin.

Jarin da ba ya cikin gwangwani

Mai tabarma a kasuwa zai fi ka araha kullum. Maganinsa ya sha rana, wani ya wuce wa'adinsa, wani ma jabu ne. Ba za ka iya gasa da shi a farashi ba, kuma in ka gwada za ka koma irinsa, kana yi wa bijimi allurar da ta dace da maraƙi don kwalba ta daɗe. Rabin magani ba ya warkarwa, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta da tsutsotsin ciki jure maganin, baɗi ko cikakken awo ya daina aiki.

Abin da kake da shi wanda mai tabarma ba shi da shi shi ne sani da gaskiya. Kai ne za ka kimanta nauyin dabba kafin ka ja magani. Kai ne za ka hana a ba akuya albendazol a farkon cikinta. Kai ne za ka ce wa mai saniya kada a sha nononta ko a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar oksitetrasiklin sun cika.

Wani lokaci gaskiyar takan hana ka ciniki. Wani Ardo daga wajen Gulbin Kaba ya taɓa kirana, awakinsa na zawo, majina na zuba, idanu na kwantsa, baki ya yi gyambo. Alamun annobar awaki da tumaki ne, wadda ake kira PPR. Ya riga ya shirya kuɗi a yi wa garken duka allura. Na ce, "Baba Ardo, wannan cuta babu allurar da ke kashe ta. Waɗanda suka kamu za mu taimaka musu kada ciwon huhu ya hau kansu. A ware su, kada a kai garken rijiyar jama'a ko kasuwa, ni kuma zan sanar da ofishin kiwo yau." Abin da na samu ranar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya ɗauko ba. Amma tun daga lokacin, duk shekara in sun sauko da kaka ni yake nema, kuma shi ya tara mini rugage huɗu lokacin lamba.

Lambar PPR kyauta ce a Nijar, kamar ta ciwon huhun shanu, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar, kamar yadda aka kawar da bushiya a 2011. Wasu mataimaka na ganin lambar kyauta tana rage musu kasuwa. Ni na ga akasin haka. Akuyar da ta rayu ita ce za a saya wa maganin tsutsa da dusa shekara biyar. Sai dai lambar na son amana: a riƙe ta da sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kuma in an haɗa ta a yi amfani da ita cikin kamar awa biyu. Wanda ya yi wa dabba lambar da ta mutu a rana, sunansa ya kashe.

Shekara ba ta tafiya daidai

Ma'aikaci yana karɓar albashi iri ɗaya kowane wata. Ɗan kasuwa kuwa dole ya san kalandar abokan cinikinsa. Da damina manyan garkuna suna arewa, ciniki ya koma kan awakin mata da shanun noma, da maganin tsutsa a farkon ruwa da ƙarshensa. Da kaka makiyaya na saukowa cin kara. Da hunturu cutar kaji ke share gidaje, don haka rigakafinta kafin sanyi ya shigo ake yi, kuma kuɗin kaza ɗaya kaɗan ne amma kaji na da yawa. Da rani abin da dabba ta fi buƙata abinci ne, wanda ya sayi dusa da harawa da kaka yana da abin sayarwa. Watanni kaɗan kafin Layya masu turkar raguna ke neman shawara. Mai dogaro da allura kaɗai zai yi wata huɗu yana kallon hanya.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kalanda. Yawancin dabbobin yankinmu Najeriya suke nufa, ta kasuwanni irin Mai'aduwa da Jibiya. Da Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, farashin bisashe ya faɗi a kasuwanninmu, masu bashi suka kasa biya. Haka in naira ta karye. Waɗanda na ga sun tsallake waɗannan lokuta su ne masu ajiye wani abu a gefe lokacin da kasuwa ke ci, da waɗanda ba su bar bashi ya kai rabin jarinsu ba.

Ga masu ba da tallafi

Ina da roƙo ɗaya ga ƙungiyoyin da ke aiki da mu. Horo kan cututtuka yana da kyau, amma a ba lissafi lokaci daidai da shi, kuma a dawo bayan wata uku a buɗe kaye tare da mai shi. Sannan in za a raba magani kyauta lokacin fari, a bi ta hannun likita da mataimakan da ke wurin, a ba makiyayi takardar da zai kai musu. In mota ta zo ta zube magani kyauta ta tafi, mataimakin ƙauyen zai yi watanni bai sayar da komai ba, nasa ya lalace a akwati, kuma lokacin da kyautar ta ƙare shi ma ya riga ya bar sana'ar.

A watan jiya na biya ta wani ƙauye a hanyar Urafan wurin wani matashi da na horar. Bai yi boko mai zurfi ba, da ajami yake rubuta kayensa. Ya nuna mini shafin bashi, sunaye bakwai, biyar an soke su. Ya nuna mini gwangwani biyu. Na tambaye shi ko puroje ɗin da ya ba shi akwati yana nan. Ya ce ya rufe tun bara. Muna cikin magana wata yarinya ta shigo da gudu ta ce tunkiyarsu ta kasa tashi. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki abin da yake buƙata, ya ce in jira shi.