Surfe da Tsimuwa: Yadda Sarrafa Hatsi Ke Shafar Narkewar Abinci da Bayan Gida

A ƙasar Hausa, kamar sauran yankunan Sahel, hatsi ne ginshiƙin abinci, domin da wuya mutum ya wuni ya kwana ba tare da gero ko dawa ko masara ko shinkafa sun shiga cikinsa ta hanyar tuwo ko fura ko kunu ba. Sai dai abin da hanji ke samu daga ƙwayar hatsi bai tsaya ga irinta kaɗai ba, ya rataya ne ƙwarai a kan abin da aka yi mata tsakanin rumbu da tukunya. Ayyuka biyu ne suka fi tasiri a wannan tsakani: surfe, wanda ke raba ƙwaya da dusarta, da kuma tsimuwa, wato barin jiƙaƙƙen hatsi ko madara su kwana har ƙananan halittun da ido ba ya gani su sa su tsami. Na farko shi ke yanke yawan bayan gida da laushinsa, na biyu kuma shi ke sauƙaƙa narkewa da kare abinci daga lalacewa, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Hanyar da abinci ke bi

Narkewar tuwo tana farawa tun daga baki, inda yawu ke ɗauke da wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke yi don yayyanka abinci zuwa ƙananan sassa, wanda ke soma mayar da sitaci sukari. Daga nan loma ta sauka tumbi, ruwan asid ya dama ta, sannan a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6, kuma a nan ne jiki ke ɗibar sukari da furotin da mai da ma'adinai. Abin da ya gagari ƙaramin hanji yana wucewa zuwa babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, inda ake tsotse ruwa, kuma inda bakteriya ke zaune da yawan da wani ƙiyasi na shekarar 2016 ya kai kimanin tiriliyan 38 a jikin baligi guda.

Babban abin da ke isa ga waɗannan bakteriya shi ne harza, wadda likitoci ke kira faiba, wato sassan tsiro da inzayim ɗin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Harza iri biyu ce. Akwai wadda ba ta narkewa a ruwa, irin ta dusar gero da dawa da alkama, wadda ke riƙe ruwa ta ƙara wa bayan gida auki, ta kuma zaburar da hanji ya tura shi da wuri. Akwai kuma mai narkewa a ruwa ta yi yauƙi, irin ta kuɓewa da kuka da wake, wadda ke tausasa bayan gida ta kuma rage saurin shigar sukari cikin jini. Bakteriyar babban hanji suna cin wani kaso na harzar, su fitar da wasu ƙananan sinadaran asid waɗanda bangon hanjin ke rayuwa a kansu, su kuma hayayyafa, har ta kai kusan rabin busasshen nauyin bayan gida su ne, rayayyu da matattu.

Abin da turmi ke cirewa

Ƙwayar hatsi tana da sassa uku: ɓawon waje, da idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, da kuma tsakiya mai cike da sitaci. Mafi yawan harza da ma'adinai da bitamin na rukunin B suna cikin ɓawo da ido ne, su ne kuwa surfe da bakace ke fitarwa a matsayin dusa, a kai wa awaki da kaji. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin giram 100 na garin alkamar da aka niƙa da ɓawonta yana ɗauke da harza kusan giram 11, alhali farar fulawa ba ta kai giram 3 ba, farar shinkafa kuma ba ta wuce giram ɗaya da 'yan kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ta shawarci baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a kowace rana. Surfen turmi yakan bar wani abu na ɓawon a jikin ƙwaya, amma injinan masana'anta suna goge ta tas.

Cikin waɗanda suka fi jawo hankalin duniya ga wannan al'amari akwai likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya kuma lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai ake ganinsu a ƙauyukan Afirka ba. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka buga a 1972, sun nuna cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da ɓawonsa suna fitar da fiye da giram 400 na bayan gida a rana, kuma abinci kan ratsa cikinsu a kimanin kwana ɗaya da rabi, yayin da Turawan Ingila masu cin farar fulawa da sukari ke fitar da kusan giram 100 kawai, abincin kuma ya shafe kwana uku ko fiye. Duk lokacin da bayan gida ya daɗe a babban hanji, ruwansa ƙara tsotsewa yake yi, shi ya sa jinkiri da tauri suke tafiya tare.

A 2010 wasu masu bincike na Italiya suka duba lamarin ta fuskar bakteriya, inda suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, waɗanda abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye kamar na ƙauyukan Katsina ko Maraɗi, da yaran birnin Florence. Sun tarar hanjin yaran ƙauyen cike yake da bakteriya masu iya farfasa harza, irin su Prevotella, kuma sinadaran asid ɗin nan masu ciyar da bangon hanji sun fi yawa a wurinsu. Wannan ya nuna cewa abincin yau da kullum ne ke zaɓen irin halittun da za su zauna a hanjin mutum.

Riƙe ciki

Manoma sun daɗe suna cewa tuwon dawa ya fi shinkafa riƙe ciki, kuma awo ya gaskata su. Wani bincike da aka yi a Mali aka buga a 2018 ya gano cewa tuwon gero da na dawa suna ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa ko dankali ko taliya ke ɗauka kafin su bar tumbi, abin da ke jinkirta yunwa ya kuma hana sukari hauhawa a jini lokaci guda. Haka nan idan dafaffen sitaci ya huce, wani ɓangarensa yakan sake tsari ya gagari inzayim, ya wuce babban hanji ya yi aiki irin na harza, kuma sake ɗumama shi ba ya rushe wannan tsari gaba ɗaya. Saboda haka ɗumamen safe yana da abin da sabon tuwo ba shi da shi, muddin an adana shi da tsabta, an kuma ɗumama shi har ya yi zafi sosai.

Aikin tsimuwa

Idan aka jiƙa gero kwana ɗaya ko biyu, aka markaɗa, aka tace, aka bar gasarar ta kwanta ta zama kamu, bakteriya masu samar da asid irin na nono tare da yis suna cin sukarin da ke ciki, su mayar da ƙullun mai tsami. Wannan tsami yana tayar da wani inzayim da ke rushe fitet, sinadarin da ke cikin hatsi wanda ke ɗaure ƙarfe da zinki ya hana jiki amfana da su, ta yadda hatsin da ya tsimu ya fi sakin ma'adinansa. Tsamin yana kuma hana ƙwayoyin cutar gudawa yaɗuwa, abin da ke da muhimmanci a gidan da babu firiji. Wani bincike da aka yi a Ghana, ƙasar da kokon Hausawa ya zama karin kumallon birane, aka buga a 1990, ya nuna cewa kunun yaye da aka yi da ƙullun masara mai tsami ya fi wanda bai tsimu ba ƙarancin irin waɗannan ƙwayoyi bayan an ajiye shi sa'o'i. Ba kowane tsami ne ke fitowa daga tsimuwa ba, domin na kunun tsamiya daga 'ya'yan itacen yake, ko da yake ita ma tsamiyar tana ɗan sassauta ciki.

Daddawa tana bin wata hanya dabam. Bayan an dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, an cire ɓawonta, an rufe ta kwana biyu ko uku, bakteriya daga dangin Bacillus ne ke farfasa furotin ɗinta, kuma daga nan ne ƙarfin warinta ke fitowa. Suna kuma cinye wasu nau'o'in sukari da ke cikin dangin wake, waɗanda ƙaramin hanji ba ya narkarwa, waɗanda su ne ke haddasa kumburin ciki da yawan iska.

Ga nono kuwa, amfanin a fili yake. Madara tana ɗauke da sukarin da ake kira laktos, kuma yawancin mutanen Afirka ta Yamma suna rasa mafi yawan inzayim ɗin da ke narkar da shi bayan yaye, saɓanin Fulani makiyaya da yawancinsu ke riƙe shi har girma. Wannan ne dalilin da ya sa wani zai sha madarar gari cikinsa ya ɗauki ƙugi har da zawo, amma ya sha kindirmo lafiya, domin bakteriyar nono sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taya hanji narkar da saura.

Wajibi ne a bambanta abincin da ya tsimu aka dafa da wanda ake ci da halittunsa a raye. Koko da waina da sinasir da daddawar miya duk sun bi ta wuta, wadda ke kashe bakteriyar, don haka amfaninsu yana cikin aikin da aka riga aka yi wa abincin. Nono da kindirmo da yogot ɗin da ba a sake dafawa ba su ne ke kai halittu masu rai cikin hanji. A wani gwaji na jami'ar Stanford ta Amurka da aka buga a 2021, mutanen da suka yawaita cin irin wannan abinci na tsawon mako 10 sun samu ƙaruwar ire-iren bakteriyar hanji da raguwar alamomin kumburi a jini. Gwajin na mutum 36 ne kacal, kuma akasarin waɗannan baƙin halittu wucewa suke yi ba sa zama, don haka amfanin yana tare da ɗorewar ci.

Inda ayyukan biyu suka rabu

Kamu ya tsimu, amma an tace shi, dusarsa ta tsaya a rariya. Shi ya sa koko ya dace da majinyaci da mai buɗa baki, saboda sauƙinsa ga tumbi, amma ba ya maganin taurin bayan gida, kuma yaron da aka yaye da shi tsagwaronsa, ba gyaɗa ba wake ba madara, cikinsa zai cika alhali jikinsa bai ƙoshi ba. Waina ma galibi farar shinkafa ce, komai tashin ƙullunta. Wanda ya karya da burodi da shayi, ya ci farar shinkafa da rana, ya kwana da taliyar leda, yana iya ƙarewa bai samu ko rabin harzar da ake buƙata ba, ko da ya ɗora kindirmo a kai. Sakamakon shi ne tauri da yunƙuri da daɗewa a ban-ɗaki, waɗanda ke kumbura jijiyoyin dubura su haifar da basir a ma'anarsa ta likita. Fura da nono kuwa, idan ba a tsananta wa geron surfe ba, suna haɗa harza da halittu masu rai a ƙwarya ɗaya, kamar yadda tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa ke haɗa harza iri biyu da abin da ya tsimu.

Ma'aunin lafiya da abin kiyayewa

Likitoci suna ɗaukar fita bayan gida daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako a matsayin lafiya, kuma siffa ta fi yawan fita muhimmanci. Ma'aunin Bristol, wanda aka tsara a Ingila aka buga a 1997, ya kasa bayan gida gida bakwai, daga busassun ƙwallaye masu wuyar fita zuwa ruwa zalla, inda na uku da na huɗu, masu laushi da haɗuwa wuri guda, su ne abin nema. Mai son ƙara harza zai yi hakan ne sannu a hankali cikin makonni, domin ƙari na gaggawa yana kawo iska da murɗa kafin bakteriya su saba, kuma dole ya yawaita shan ruwa, musamman a bazara da watan azumi, saboda harza ba ruwa tana iya ƙara cushewa.

Tsami ba ya wanke kowace ƙazanta. Madarar da ba a tafasa ba kafin a kafa nono tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu ko cutar burusela, ruwan da ake sirka nono da shi a kasuwa yana iya kawo taifot ko kwalara, kuma hatsin da ya yi fumfuna yana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, wadda jiƙo da dafuwa ba sa kawar da ita. Yaron da ke gudawa yana buƙatar ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki tare da ci gaba da ba shi abinci da nonon uwa. Jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko sauyin yanayin fita da ya wuce makonni, musamman ga wanda ya manyanta, abubuwa ne na zuwa asibiti, domin ciwon dajin hanji yakan ɓuya a bayan sunan basir har lokaci ya ƙure. Ga mai lafiya kuwa, gyaran yana cikin abin da gida ya riga ya sani: a sassauta surfe, a bar wake da ganye su yawaita a kwano, a tafasa madara kafin a kafa ta, a kuma tabbatar ruwan damu mai tsabta ne.