Tauraron Halley Mai Wutsiya: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A watan Mayu da na Oktoba akan ga saƙonni suna yawo a WhatsApp da Facebook cewa tauraro mai wutsiya na Halley ya dawo, a fito tsakar dare a gani. Wasu kan ƙara gishiri, su ce fitowarsa alamar mutuwar babban sarki ce, ko fari, ko yaƙi. Akwai gaskiya a cikin zancen, akwai kuma ƙarya, sai a rarrabe.

Wai Halley ne ya gano shi

Ba haka ba ne. Masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta ganinsa tun shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da Edmond Halley, masani ɗan Ingila, ya yi daban ne. Ya ɗauki bayanan tauraron da aka gani a 1531, da na 1607, da wanda shi kansa ya gani a 1682, ya auna hanyoyinsu da lissafin abokinsa Isaac Newton, sai ya ga hanya ɗaya suke bi. A 1705 ya bayyana cewa tauraro ɗaya ne yake zuwa yana komawa, kuma zai sake fitowa wajen 1758. Halley ya rasu a 1742, bai ga cikar maganarsa ba. Wani manomi Bajamushe mai sha'awar taurari, Johann Palitzsch, shi ya fara hango shi ranar 25 ga Disamba, 1758. Daga nan aka sa masa sunan Halley.

Wai duk shekara 76 cif yake dawowa

Kusan haka ne, amma ba cif ba. Tazarar kan kama daga shekara 74 zuwa 79, saboda manyan duniyoyi, musamman Jupita, suna jan sa in ya gitta, su gaggauta shi ko su jinkirta shi. Hanyarsa ba da'ira ba ce, doguwa ce mai siffar ƙwai. Yakan matso har kilomita miliyan 88 daga rana, sannan ya yi nisa har ya wuce hanyar duniyar Naftun. Yana kuma kewaya rana ta ɓangaren da ya saɓa wa na duniyoyin. Tun da kewayensa bai kai shekara 200 ba, masana na sa shi cikin masu gajeren zango.

Wai ya dawo a bana

Ƙarya ce. Zuwansa na ƙarshe a 1986 ne. A Disamba 2023 ya kai ƙarshen nisansa ya juyo, kuma ba zai iso kusa da rana ba sai Yuli 2061. Abin da ake gani a Mayu da Oktoba ƙurar da ya bari ce a hanyarsa. Duniyarmu tana ratsa wannan ƙura sau biyu a shekara, ƙwayoyinta su shigo sararinmu da gudu su ƙone, a ga kamar taurari suna faɗowa. Ko ƙasa ba sa kaiwa.

Wai wutsiyarsa guba ce

Wannan tsohuwar fargaba ce. A 1910 masana sun gano iskar sayanojin mai guba a wutsiyar, aka kuma san duniya za ta ratsa ta cikin watan Mayu. A Amurka da Turai mutane suka toshe ƙofofi da tagogi, 'yan damfara suka yi ta sayar da ƙwayoyin rigakafi. Duniya ta ratsa, ba wanda ya ko yi tari. Gubar akwai ta, amma ta watsu ƙwarai a faɗin miliyoyin kilomita, ba ta da ƙarfin cutar da kowa.

Wai alamar bala'i ce

A 1066 ya fito, Sarki Harold na Ingila ya mutu a yaƙin Hastings cikin shekarar, aka ce ga shaida. Amma a wannan yaƙin ne abokin gabarsa William ya ci nasara ya hau gadon sarauta, tauraron kuwa ɗaya suka gani. Ba a taɓa yin shekara ba tare da mutuwar wani babba ko tashin wata fitina ba, tauraro ya fito ko bai fito ba. A Maris 1986 kumbon Giotto na hukumar sararin samaniya ta Turai ya matsa kusa da shi da tazarar kimanin kilomita 600 ya ɗauko hotonsa. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, baƙi ƙirin, tsawonsa wajen kilomita 15. Zafin rana ne ke tayar da tururi da ƙura daga jikinsa, su zama wutsiyar da ake gani.

Saboda haka in an turo maka saƙo cewa Halley ya fito, kada ka tura wa kowa. Yaron da ke firamare a yau, in Allah ya ba shi tsawon rai, shi zai gan shi a 2061.