Cin Abinci Sau Ɗaya a Yini: Me Yake Yi wa Jikinka?

Mutane iri biyu ne suke cin abinci sau ɗaya a yini. Akwai wanda rumbunsa ya yi ƙasa, damina ta faɗi, sabon gero bai nuna ba. Akwai kuma wanda ƙiba ta dame shi, aka ce masa ya riƙa ci sau ɗaya don ya rage nauyi. Ko wanne ne kai a ciki, wannan bayani naka ne.

Abinci shi ne itacen murhun jiki

Jikinka yana ƙona abinci dare da rana, ko kana barci. Ƙarfin da abinci yake bayarwa ana auna shi da kalori. Mace baliga tana bukatar kamar kalori 2,000 a yini, namiji kamar 2,500. Manomi da ya yini riƙe da hauya yana iya bukatar 3,000 ko fiye.

Rabin kilo na gero yana ba da kamar kalori 1,800. Babban cokali ɗaya na mai yana da kamar 120. Kwalbar lemo ɗaya tana da kamar 140. Ƙwayar sukari ɗaya da kake jefawa cikin shayi tana da kamar 20.

In abin da ka ci ya kasa abin da jiki ya ƙona, sai jiki ya ɗebi ajiyarsa, ka rame. In ya wuce, sai ya ajiye sauran ya zama kitse. Jiki bai ƙirga sau nawa ka sa hannu a kwano ba. Jimillar yini yake dubawa.

In kana son rage ƙiba

Ci sau ɗaya ba shi ne maganin ba. Wanda ya yini da yunwa yakan cika kwano da shinkafa da mai da dare, ya bi da lemo, ga shayi mai sukari da ya sha tun safe. Ta haka yana iya haɗa kalorin yini duka a zama ɗaya, nauyinsa bai motsa ba.

Wani zai ga sikeli ya sauka da sauri a makon farko. Yawancin wannan ruwa ne, kuma yana komowa. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kamar kalori 7,700. In ka rage 500 kowace rana, sai ka yi kamar mako biyu kafin kilo ɗaya ya tafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga hanyar da ta fi: ka ci sau biyu ko uku, amma ka rage girman malmalar tuwo. Ka rage mai da soye-soye. Ka bar lemo, ka rage sukarin shayi. Ka ƙara ganye irin zogale da rama, da wake. Ka yi tafiya da ƙafa kamar minti 30 kowace rana.

In rashi ne ya sa

Manomin da yake bukatar 3,000, ya samu rabin kilo na gero kaɗai, yana da giɓin 1,200 kowace rana. Cikin mako ɗaya yana iya rasa kusan kilo guda, kuma ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har tsoka. Ƙarfin noma ya ragu, cuta ta samu ƙofa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ka raba ɗan abin da ke akwai kashi biyu, a sha kunu ko fura da safe kafin a tafi gona. A zuba garin ƙuli-ƙuli ko gyaɗa cikin kunu, a sa cokalin mai a miya, a haɗa gero da wake. Abu kaɗan ne, amma yana ƙara ƙarfi sosai.

Waɗanda bai kamata su ci sau ɗaya ba

Yara ƙanana: cikinsu ƙarami ne, ba su iya cin abincin yini a zama ɗaya. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar abinci sau 3 ko 4, ban da nono.

Mai ciki da mai shayarwa: mai ba da nono tana bukatar ƙarin kamar kalori 500 a yini.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allurar insulin: in ya yini bai ci ba, sukarinsa na iya faɗuwa, ya yi rawar jiki, zufa, jiri, har suma. In haka ta fara, a ba shi ruwan sukari nan take muddin yana iya haɗiya, a kawo shi asibiti. Kada ya canza lokacin cin abinci ko ya ɗauki azumi sai ya yi shawara da likita.

Haka ma mai shan maganin tarin fuka, da tsoho mai rauni.

Yaushe za ka zo asibiti?

In kana ramewa alhali ba ka rage ci ba, kada ka jira. Rama da tari fiye da mako 2, ko rama da yawan ƙishirwa da fitsari, ko rama da zawo mai daɗewa, duk suna bukatar awo. In yaro ya rame ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, kawo shi yau a auna damtsensa. Tamowa tana warkewa in an zo da wuri.