Mene ne tattakin hana kashe kai?

Tattaki ne da likitocin ƙwaƙwalwa, ƙungiyoyi da iyalai ke yi a titunan birane irin su Abuja, galibi ranar 10 ga Satumba, wadda aka ware tun 2003 domin wannan faɗakarwa. Sukan raba takardu, su tara gudunmawa, su nuna inda ake samun magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke halaka kansu duk shekara. A Abuja kuwa, sashe na 231 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, shi ya sa wasu iyalai ke ɓoye marar lafiyarsu. Tattakin yini ɗaya bai isa ba. Idan ɗan'uwanka ya fara zancen halaka kansa, saurare shi, ka raka shi asibiti.