Barista, Manaja, Onarabul: Wa Ya Naɗa Shi?

Bayan rasuwar mijinta, gwaggona ta shiga rigimar fili da wani maƙwabci. Ranar da ta fara zuwa kotu, tun ba ta gama biyan mai adaidaita sahu ba wani mutum ya tare ta a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa. Baƙar kwat, farar riga, jaka a hammata, Turanci kuwa kamar ana zuba ruwa. Masu buga takardar rantsuwa da masu sayar da ruwan leda duk "Barista" suke ce masa. Ya karɓi takardun filin, ya karɓi kuɗin buɗe fayil, bayan mako biyu ya dawo ya karɓi na ganin magatakarda. Duk ranar zama sai ya ajiye ta a kan benci a waje, ya shiga, ya fito yana share gumi, ya ce an ɗaga.

Wata huɗu ana haka kafin in ji labari. Na ce, "Gwaggo, kin taɓa ganin ya miƙe a gaban alƙali?"

Ta ce, "Haba ɗan nan! Mutumin da har 'yan sanda ke gaishe shi?"

Na tambayi rasit, babu ko ɗaya. Na tambayi ofishinsa, ta ce ai shi a mota yake aiki saboda yawan jama'a. Daga baya muka gano tsohon masinja ne a ofishin wani lauya. Shekarun da ya yi yana kai takardu kotu ne suka koya masa kalmomin da fuskokin ma'aikata.

Kama da wane ba ta wane. Mutane uku ne talaka ke miƙa wa abin da ya fi ƙarfin wasa: lauya yana riƙe haƙƙinsa, wani lokaci har da 'yancinsa; ma'aikacin kuɗi yana riƙe guminsa; ɗan siyasa yana riƙe ƙuri'arsa da baitulmalinsa. Amma mafi yawanmu da riga da laƙabi muke auna su, alhali kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana da hanyar da ake bi a kai gare shi, kuma hanyar tana barin sawu a rubuce. Wanda ya san hanyar, da wuya a yi masa sakiyar da babu ruwa.

A Nijeriya digirin shari'a kaɗai ba ya mayar da mutum lauya. Ɗalibi zai yi shekara biyar a jami'a, sannan ya tafi Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas da Inugu da Yenagowa da Fatakwal da Yola, da kuma Bagauda a Jihar Kano. Can zai yi kusan shekara guda, ya zauna jarrabawar ƙarshe. In ya ci, majalisar dattawan lauyoyi ta rantsar da shi, sannan ya je Kotun Ƙoli ya sa hannu a kundin lauyoyin ƙasa, a ba shi lamba tasa shi kaɗai. Wanda sunansa ba ya cikin kundin nan, ko ya haddace kundin tsarin mulki daga bango zuwa bango, ba lauya ba ne, kuma in ya kira kansa haka ya aikata laifin da doka ta tanadar wa hukunci.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Tun 2015 Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, NBA, ta fito da hatimi da ake manna wa duk takardar shari'a da lauya ya rubuta. A jikinsa akwai sunan lauyan da lambarsa ta Kotun Ƙoli, kuma duk shekara ake sabunta shi bayan lauya ya biya kuɗin izinin aiki. In an rubuta maka takardar cinikin gida ko ta ƙara, duba hatimin, ka duba ko sunan da ke kai shi ne na wanda ke gabanka, domin akwai masu aron na wani. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ƙungiyar tana da reshe a kusan kowane babban gari. Je ka tambaya. Lauyan gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi shekarar da aka rantsar da shi. Hasali ma da ita suke tinƙaho, don da ita suke sanin wane ne babba a tsakaninsu, har wanda zai fara magana a gaban alƙali.

In kuma lauyan na gaske ne amma ya ci amanarka, ya cinye kuɗin diyya ko ya sayar da filin da ka ba shi ajiyar takardunsa, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi mai ikon dakatar da shi ko soke sunansa daga kundin gaba ɗaya. Mutanenmu ba su cika kai ƙara can ba, sai dai a ce "na bar shi da Allah". Barin wa Allah ba ya hana rubuta koke, kuma koken ne zai tsare wanda zai faɗa hannunsa bayanka. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya kuwa, gwamnati ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun 1976, tana da ofisoshi a jihohi.

Iyayen da ke burin ganin ɗansu da hular lauyoyi su ma akwai ramin da ke jiransu. Majalisar kula da ilimin shari'a ita ke amince wa jami'a ta koyar da fannin, ita ke ƙayyade mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Wasu jami'o'in, don son kuɗin makaranta, sukan ɗebi ninkin abin da aka ba su. Yaro ya gama shekara biyar, sai ya zauna a gida yana jiran gurbi shekara da shekaru. A 2023 an dakatar da wata jami'a mai zaman kanta a Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a saboda irin wannan. Kafin ka sayar da gona ka biya, tambayi amincewar majalisar da adadin gurbin. Kuma a gaya wa yaro gaskiya: sabon lauya a ofishin wani yakan yi shekaru yana karɓar abin da bai kai ya kawo ba. Manyan muƙaman da ake hange suna da nisa. Sai mutum ya shekara 10 da rantsuwa kafin ya cancanci alƙalin babbar kotu ko lambar SAN, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta fara aiki tun shekarun 1960, ba ta zama Babbar Jojin Ƙasa ba sai 2012. Sama da shekara arba'in ke nan tana hawa mataki-mataki.

A fannin kuɗi, laƙabin ya fi arha. Kowa da kwamfuta da kwat da ofis mai sanyi "Manaja" ne. Akanta na gaske yana da rajista da ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ANAN, wadda ta samu amincewar doka a 1993 kuma take da kwalejinta kusa da Jos. Amma talaka ba akanta ne ya fi cin karo da shi ba. Mai cewa "kawo kuɗinka in juya maka" ne. Nan tambayar ba ta mutumin ba ce kawai, ta kamfanin ce. Mai karɓar ajiyar jama'a dole ya mallaki lasisin Babban Banki. Mai tara kuɗi da sunan zuba jari dole ya yi rajista da hukumar SEC. A nan ake yi wa mutane wayo: sai a ɗauko takardar rajistar kamfani ta CAC, a sa mata gilashi, a rataye a bango. Takardar nan ba ta nuna komai face an yi wa kamfani suna, kamar takardar haihuwa. Ba izinin taɓa kuɗin kowa ba ce.

Bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya lalace. Da Babban Banki ya janye lasisin Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta shiga biyan masu asusu har zuwa naira miliyan 5 kowanne. Da MMM, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da CBEX, wata irinta, ta ruguje a Afrilun 2025, waɗanda aka cuta a Ibadan sai kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki suka samu suka kwasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawanci ba baƙo ne ke jawo mutum ba. Abokin aiki ne, ko limamin unguwa da shi ma aka ruɗa, ko uwar adashe da aka biya riba sau biyu don ta zama shaida.

Sai cinikin ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Matashi ya gama hidimar ƙasa, wani ya ce yana da hanya a Babban Banki ko hukumar tara haraji, a kawo miliyan kaza. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zaman bincike kan sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji shaidu daga bakin waɗanda suka biya. Wanda ya sayi ofa ya saka kansa a tsaka mai wuya: in ta bogi ce kuɗinsa sun tafi, kuma da wane baki zai kai ƙara, tunda shi ma cin hanci ya bayar? Ko aikin bankin na halak ma, a duba wanda ya sa hannu a takardar ɗauka. Da yawa daga cikin matasan da kuke gani a kan kanta ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfanin kwangila ne ya kawo su, albashinsu da makomarsu daban.

Siyasa ita ce ba ta da makaranta, ba ta da jarrabawa. Shi ya sa wanda ya buga fosta sau ɗaya, ko daliget biyu bai samu ba, ya zama Onarabul har kabari. Abin da tsarin mulki ke nema kaɗan ne: zama ɗan ƙasa, jam'iyyar da za ta tsayar da kai, ilimi daidai da na sakandare, da shekaru. Tun gyaran da aka sa wa hannu a Mayun 2018, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, ɗan 35 ya nemi shugabancin ƙasa, daidai da sanata da gwamna.

Duk da sauƙin sharaɗin, ƙarya ta fi yawa a nan. Mutanen Kano ba su manta da Salisu Buhari ba, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 1999. Cikin 'yan makonni mujallar The News ta fallasa cewa bai kai shekara 30 da doka ke nema a lokacin ba, kuma digirin da ya ce ya yi a Jami'ar Toronto ta Kanada babu shi. Ya sauka cikin hawaye a watan Yuli, Ghali Umar Na'Abba ya gaje shi. Abin dubawa: digirin nan doka ba ta ma nema ba, ado ne kawai ya ja masa. Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin Ministar Kuɗi a Satumbar 2018 a kan takardar yafe hidimar ƙasa da ta tabbata ta jabu ce. A Bayelsa kuwa, Fabrairun 2020, David Lyon yana shirin rantsuwa washegari Kotun Ƙoli ta soke zaɓensa, ba don laifinsa ba, don matsalar takardun mataimakinsa. Takardar bogi ba ta cika tashi tana ƙaramin ma'aikaci ba. Tana kwance har sai ka hau inda kake da abokan hamayya masu kuɗin bincike. Masu aika 'ya'yansu ƙetaren iyaka su dawo da digiri kafin damina ta wuce su tuna ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida don ya tona asirin harkar, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024.

Dokar zaɓe ta 2022 ta wajabta wa INEC ta liƙa bayanan kowane ɗan takara a mazaɓarsa, kuma kowa yana iya neman kwafi ya biya ɗan kuɗi. Mu nawa muka taɓa zuwa? Akwai kuma lissafin da ba ya cikin bayanan nan. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Ba a zo kan daliget da motoci da 'yan jagaliya ba. In ɗan takarar da kuka sani ba shi da sana'ar da za ta ɗauki wannan, to akwai mai biya a bayansa, kuma sunan wannan mutumin ya fi makarantar da ɗan takarar ya yi muhimmanci a gare ku, don shi za a fara biya kafin a zo kan rijiyar unguwarku.

Gwaggo dai ta samu takardun filinta, bayan wani lauya na gaske ya aika wa "Baristan" nata wasiƙa mai hatimi, ya kawo su da kansa cikin kwana biyu yana rantse-rantse. Da aka duba rajistar kotu, ashe ƙarar ma ba a taɓa shigar da ita ba. Kuɗin kam ba su dawo ba. Kwanakin baya na bi ta wajen kotun, na hango mutumin a gindin darbejiyar nan, yana riƙe wa wani dattijo jaka.