Neman ɗan da aka ɗauke ba tawaye ba ne

Duk sanda aka nuno matan Baluchi zaune a bakin titi riƙe da hotunan mazansu, ba a rasa mai cewa, "Ai iyalan 'yan tawaye ne, hukuma ba ta kama mutum haka kawai." Wannan magana ta ishe ni, domin yawancin masu yin ta ko inda Baluchistan take ba su sani ba.

Lardi ne a kudu maso yammacin Pakistan, ya fi kowane lardi faɗin ƙasa, jama'arsa kuma na fama da talauci duk da iskar gas ɗin Sui da tashar jiragen ruwa ta Gwadar. Masu ɗauke da makami akwai su. Ƙungiyar 'yan tawaye ta BLA ce ta tare jirgin ƙasa na Jaffar Express a Maris 2025, aka yi asarar rayuka. Ba mai musun wannan.

To amma masu hotunan nan fa? Mama Qadeer dattijo ne da aka ɗauke ɗansa Jalil Reki a 2009, sai gawarsa aka tsinta a 2011. Bai ɗauki bindiga ba. A Oktoban 2013 ya tashi daga Quetta da wasu iyalai, yawancinsu mata, suka taka a ƙasa zuwa Karachi, daga nan zuwa Islamabad, tafiyar sama da kilomita 2,000. Mahrang Baloch likita ce. An ɗauke mahaifinta a 2009, shi ma gawa aka samu a 2011. Ita ta jagoranci tattaki daga Turbat zuwa Islamabad a Disambar 2023, aka tarbe su da kulake da ruwan feshi, a Maris 2025 kuma aka tsare ta. Sammi Deen Baloch tana yarinya aka tafi da mahaifinta a 2009, ta girma a wuraren zaman dirshan.

Buƙatarsu ba ta da wuyar fahimta: in mutum yana da laifi a kai shi kotu, in ya mutu a ba da gawarsa. Ina tawaye a nan? Hukumomi kan ce wasu daga cikin ɓatattun sun shiga daji ko sun tsallaka ƙetare. To a kawo hujja mana, mutum bayan mutum. Gwamnatin Pakistan da kanta ta kafa hukumar binciken ɓatar da mutane a 2011, ƙorafin da ya shiga hannunta daga faɗin ƙasar ya haura 10,000. Ba a kafa hukuma don abin da babu. Ko da mutum ya aikata laifin, wace shari'a ce ta yarda a hukunta shi ba alƙali ba shaida? Ku dubi matar da aka bari: ba ta san ko ta shiga takaba ba, gado bai rabu ba, yara na tambaya ba amsa. Wanda ya kira ta 'yar ta'adda ya ji tsoron Allah.

Saboda haka, kafin ka tura wani labari a WhatsApp ko Facebook, duba wa ya faɗa, ka kuma raba mai bindiga da mai riƙe da hoto. In irin wannan ɗauke mutum ya faɗa wa maƙwabcinka, kada ka ƙaurace wa gidansa don tsoro. Taimaka a rubuta suna, rana, wuri da waɗanda suka gani tun ba a manta ba. A adana hoto, a kai ƙara a rubuce, a riƙe kwafi, a nemi lauya, a haɗa kai da sauran iyalai, domin murya ɗaya ba ta kaiwa nesa. Mai neman ɗansa ba abokin gabar ƙasa ba ne, mu daina ɗora masa laifin da kotu ba ta ɗora masa ba.