Wake a Bayan Gida: Dabarar Riƙe Damshi Idan Ruwa Ya Ɗauke

Uwargida da maigida, idan nama ya yi tsada, wake ne ke rufa wa tukunya asiri. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, ga kuma sinadarin ƙarin jini da mai juna biyu ke buƙata.

A nan Maitumbi, ko ɗan fili a bayan gida ya isa a shuka shi. Wake yana jure fari, amma idan ruwa ya ɗauke yana tsakiyar fure, furen yakan zube, a tashi da ganye kawai.

Maganin yana kusa. Da zarar ya tsiro, ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa, karan masara ko ɓuntun shinkafa tsakanin layuka, kaurin yatsu uku. Wannan rufi yana hana rana shanye damshi, ya sanyaya ƙasa, ya danne ciyayi, daga baya ya ruɓe ya zama taki. Kada ku manna shi jikin tsiron, gudun ruɓewa da gara.

Bayan girbi, ku shanya waken ya bushe sosai, ku ɗaure shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Kada ku zuba masa Sniper, guba ce da ke iya kai yara asibiti.